Yadda Nib Binne wa Yaya Sambo Aji Bakwai

Ku da kunka zauna ajin Yaya Sambo kun sani, ba a fara ganin shi, jin shi ake fara yi. Kacau-kacau, kacau-kacau, tun daga bakin masallaci. Yara su ce ga Malam nan, kowa shi gyara zama. Ba makullai ba ne kuwa, don makarantar tamu ko ƙyaure ba ta da shi, sai asabari. Ƙwallayen tsamiya ne cikin aljihun rigatai. Na dama shike sa hannu shi ɗiba. Na hagu kuwa wani ƙullin tsumma ne da ba shi kwancewa, in ka tambaye shi mi ke ciki sai shi ce, "Dubi allonka." Ni Ummaru ƙanenai ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma amsar da nis samu ke nan, ga ni da gemuna.

Saboda jikokin da ke zaune can baya suna zare ido, bari in faɗi yadda abin yake. Zamanin Turawa ne, ba a yi madatsar Goronyo ba, Rima in ta ga dama har bayan gida take kawo gaisuwa. Anka gina elementare mai ɗaki biyu a garin ga namu, tsakanin Wurno da Dinawa, anka damƙa wa Yaya. Gini ya yi, bencina sun zo, yara ne babu. Mutanenmu a lokacin in sun ji an rubuta sunan yaro a takarda, sai su ce shi ke nan, Bature ya ɗauke. Ana hango malami da littafi, sai ka ji ana jefa yara cikin rumbu. Ubannin wasunku da ke nan sun kwana cikin maiwa, kada in kama suna.

Sai Yaya yay yar da takarda. Yas sayi tukwane bakwai yaj jera a ɗakinai. Duk sunan da anka yi a garin ga da ƙauyukan kewaye, shina can. Ba shi damu da naman suna ba, ba shi damu da goro ba. Shi dai shi ji sunan da anka raɗa, shi dawo gida shi jefa ƙwallo guda cikin tukunyar bana. Shekara ta zagayo, kowace tukunya ta matsa gaba. Wadda tak kai ta bakwai, su ne 'yan aji ɗaya. Ba wanda ke tsoron ƙwallon tsamiya, har dariya ake yi mai. In an ce, "Malam, jaririn da ko cibi bai faɗi ba?" sai shi ce, "Shekara bakwai? Ai gobe ne."

Kuma wai ya san kowane ƙwallo da fuska. Shi ɗauko guda shi juya shi a tafin hannu, shi ce, "Wanga ɗan Maƙeri ne, dubi goshinai." Ka duba iya dubawarka, ƙwallon tsamiya ne dai.

Abin bai tsaya nan ba. Yaj ji labarin wata babbar makaranta can kudu da ake kira jami'a, inda masu gemu ke karatu suna bincike. Tun ranar ɗaki biyun nan sunka zama "jami'armu mai zuwa". Nic ce, "Yaya, a ƙauyen ga?" Yac ce, "Su ma da ɗaki biyu sunka fara." Nic ce, "Wa yag gaya maka?" Yac ce, "Kai wa yag gaya maka ba haka ba ne?"

To, ana nan sai ga Baturen makaranta ya zo rangadi daga Sakkwato. Jan Fensir muke ce mai, don kullum akwai shi maƙale a kunne, kuma abin da yaj ja wa layi ya mutu. Yash shiga aji, yat tarar bencina sun fi yara yawa. Yal leƙa ɗaya ajin, yat tarar akuyar Liman ta haihu a ciki. Yaya yac ce, "Ranka shi daɗe, ita ma ta san inda ake kawo ɗiya."

Bature ko murmushi bai yi ba. Yac ce, "Malam Sambo, zan dawo farkon damina. In ban ga shaida cewa yara suna tafe ba, zan rufe makarantar nan. Bencina su tafi Rabah, kai kuma ka koma gona."

"Suna tafe, ranka shi daɗe. Wasu na goye, wasu na rarrafe."

"Ni ba na ganin su."

Yah hau motatai yat tafi. Ranar Yaya bai ci tuwo ba, kuma wanda yas san Yaya da tuwon shinkafa ya san magana ta kai. Shi da matatai Yaya Kulu ba su da ɗa a ɗaki. Makarantar nan ita ce ɗiyarsu, in an rufe ta ban san abin da za shi tashi da safe shi yi ba.

Daga nan farautar jarirai tat tashi haiƙan. Yaj jawo ungozoma da wanzami yac ce su ne abokan bincikenai. Bai tsaya jiran suna ba kuma, tun daga alamu shike farawa. In yag ga magidanci na tara itace ba lokacin biki ba, ya san ana shirin wankan jego, sai shi fara gaishe shi sau uku a yini.

Wata ranar kasuwar Goronyo na tafi duba irin albasa, don ni malamin gona ne a lokacin, sai yam maƙale min. Muna cikin kasuwa yah hango wani tsoho, ga jaki da kayan itace, ga shi shina cinikin wata ƙatuwar tukunya. Yaya yad dafa ni. "Ummaru, ka ga abin da nike gani?" Kafin in riƙe shi ya isa.

"Baba, barka da arziki. Allah shi sauke ta lafiya."

"Shi sauke wa?"

"Mai ɗakin. Na ga tukunya, na ga itace."

Tsohon yad dube shi daga hula har takalmi. "Yaro, tsohuwata haƙori biyu sunka rage mata. Shinkafa za ta turara."

Ni dai ji niy yi kamar ƙasa ta tsage in shige, masu tukwane na ta ƙyaƙyatawa. Yaya ko gezau. Yac ce, "To Allah shi sa ta turaru. Jikoki fa, Baba?" Ashe tsohon ɗan wani ƙauye ne nan bayanmu. Kafin mu rabu ya tatse shi jikoki uku da shekarunsu, ya ɗaura mai tukunya bisa jaki, har sun yi musabaha. A hanya nic ce, "Yaya, yau ka ba mu kunya." Yac ce, "Kai ka zo Goronyo ka koma da irin albasa. Ni na koma da rabin benci."

Sai maganar Lasau. Shi ne Baturen gona, ubangidana a wurin aiki, dogo siriri, mutumin kirki ƙwarai. Sunan ya samo shi ne don duk gonar da yash shiga sai ya ɗebi ƙasa ya lasa, shi lumshe ido, sannan shi rubuta. Shina son shi gwada ko itatuwa za su riƙe gaɓar fadama in ruwa ya taso, kuma filin da yay yi mai shi ne wanga na bayan makaranta. Mai gari yac ce a tambayi Malam.

Wayyo, Yaya ya samu abin da shike nema. Yas sa rigar Juma'a ranar Talata, yas sa anka shimfiɗa tabarmi, anka jera yaran da ke akwai. Yac ce, "Ranka shi daɗe, fili ba a aron shi nan. Haɗin gwiwa ake yi, kamar yadda jami'o'i ke yi. Sharaɗi na fari, a kafa allo a rubuta binciken na makaranta ne da kai. Na biyu, yarana ke riƙe igiyar awo." Lasau yac ce ya yarda. "Na uku, sai na gwada ka."

Yad duƙa yat tsinko ciyawa. "Mi sunan wagga?"

Lasau yaj juya ta, yaf faɗi wani dogon suna da ko ni mai aiki da shi ban kama wutsiyatai ba.

"Yara, akwai wanda yaj ji?"

"A'a, Malam."

"To mi ce ce?"

"Harkiya ce, Malam."

Yat tsinko wata, yara sunka ce tofa, Bature na ta buɗa littafi. Yaya yak kaɗa kai cikin tausayi. "Ranka shi daɗe, ba laifinka ba ne, ba a kai ka makaranta da wuri ba. Amma wanda bai san harkiya ba ɗan aji ɗaya ne." Wallahi da idona, Lasau yay yi dariya yac ce a rubuta shi. Duk Talata shina bencin baya, gwiwoyi har haɓa. A kira suna, "Lasau." "Na'am, Malam." Yaya yaz zaɓi ƙwallo mafi tsawo yaj jefa mai cikin tukunya ta bakwai. Nic ce, "Yaya, Jan Fensir ba za shi ƙidaya wanga ba." Yac ce, "Ɗan'uwanai ne. Shi kore shi in shina iyawa."

Yanzu mun zo wurin da ni ke da laifi, kuma ku daina wannan murmushin, na gan ku.

Ruwan shuka yas sauka. Saƙo yaz zo cewa Jan Fensir na tafe cikin makon. Yaya yaz zauna yaj juye kowace tukunya cikin tsummanta, ƙulli bakwai, don shi kai makaranta shi baje wa Bature shaida. Yar rasa abin zubawa, yaɗ ɗauki ƙwaryar Yaya Kulu yas sa su ciki, ya ajiye bakin ɗaki, bai gaya wa kowa ba. Sai anka ce mai wata matar aure ta garin ga da tat tafi goyon ciki gidansu a Rabah ta sauka, gobe suna. Yas saɓa sanda yak kama hanya. Rabah fa, a ƙasa, saboda ƙwallo guda.

Washegari da safe Lasau yaz zo shina murna, ya riga ya lashi ƙasa. "Ummaru, yau za mu shuka. Ina irin tsamiyar da na ce ka tara?" Ni kuwa na sha'afa sarai. Amma na san Yaya Kulu ba ta fashin kunun tsamiya, kuma ba ta zubar da ƙwallayen, a ƙwarya take tarawa. Nir ruga gidan. Tana cikin madafa, hayaƙi ya turnuƙe.

"Yaya Kulu, ina ƙwallayen tsamiyarki?"

"Duba ƙwarya nan waje."

Ita tana nufin wata da ke gindin rumbu. Ni kuwa nig ga ƙwarya bakin ɗaki, nis sunkuce. A hanya nig ga ƙulli-ƙulli, nic ce a raina kai, Yaya Kulu akwai tsari.

Lasau yaƙ ƙirga. "Me ya sa bakwai?"

Da na ce ban sani ba, da an tsira. Amma malamin gona ba shi cewa bai sani ba gaban Bature. Nig gyara murya nic ce, "Iri bakwai ne, ranka shi daɗe. Kowane da halinai."

Zo ka ga murna. Yal lashi na ƙullin fari, yal lashi na biyu, yac ce lalle akwai bambanci. Anka ja igiya, layi bakwai bisa gaɓa, kowane ƙulli da layinai da turkenai, taki biyar-biyar tsakani. Cikin ƙullin farko, ashe na tukunya ta bakwai ne, yat tsinci wani dogon ƙwallo, yac ce wannan shi za shi shuka da hannunai. Haka bawan Allah yat tona rami yab binne kainai, ina riƙe mai da hula.

Kwana uku sai ga Yaya. Ina gidan, zaune bisa tabarma, ina shan kunu. Nij ji kacau-kacau a zaure. Yash shigo da fara'atai, yad dubi bakin ɗaki, yat tsaya.

"Kulu, ina ƙwarya?"

"Wace?"

"Wadda nib bari nan, mai ƙulli bakwai."

Tal leƙo. "Ba ita Ummaru yaɗ ɗauka ba shekaranjiya?"

Nis saki ludayin cikin kunu. Yaya yaj juyo a hankali.

"Ummaru. Ina ɗalibaina?"

"Suna bayan makaranta, Yaya."

"Suna mi?"

"An shuka su."

Yan nemi wuri yaz zauna bisa turmi. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aji bakwai. Ka binne min aji bakwai da rana tsaka, kuma da Bature a gaba!"

Munka tafi filin, shina gaba ina baya. Yad durƙusa yas sa yatsa yat tono guda. Ya kumbura, ya tsage, har ya fid da ɗan farin jijiya. Yad daɗe shina kallo, sannan yam mai da shi a hankali yar rufe. Yac ce, "Ɗan Maƙeri ne. Ya fara haƙori." Yat tashi yak kakkaɓe gwiwa yat tafi gida.

Kwana tara bai yi min magana ba. Ina zaune gabanai sai shi ce, "Kulu, gaya wa mai binne mutane shi miƙo min buta." Kuna dariya yanzu, amma ni kuka niy yi, na gaske. Shaidar da yat tara shekara bakwai, da ƙafa, cikin rana da ruwa, na zuba ta ƙasa don kada in ce ban sani ba. Na ɗauka na kashe makarantar da hannuna.

Allah da ikonai sai Rima tac cika tay yanke hanyar mota, Jan Fensir yam maƙale a Sakkwato fiye da wata. A nan kuwa Yaya Kulu ta gaya wa ungozoma, kuma abin da ungozoma taj ji, gari ya ji. Tsiro na fitowa sai ga Maƙeri, ko gawayin hannu bai wanke ba.

"Malam, an ce ka shuka ɗana."

"Ba ni ba ne, ga mai aikin can. Amma an shuka shi."

"To ina shike?"

Yaya yab bi layi, hannu a baya, yat tsaya yan nuna wani mai ganye biyu. Maƙeri yad duƙa yak kalla, yak kalla. Yam miƙe yat tafi. Can sai ga shi da ƙaya niƙi-niƙi, yak kewaye tsiron, shina faɗin duk akuyar da tat taɓa shi sai ya gasa ta da mai ita.

Shi ke nan fa. Kashegari filin ga ya cika. Tsofaffi mata da tuluna, ana ruwan sama ana ban ruwa. Kowa "Malam, ina nawa?" Biyu sunka kusa dambe kan wani mai tsawo, kowa na cewa ɗanai ne, sai da Yaya yad duba yac ce na wani ne can daban. Mutanen da ke jefa yara rumbu su ne yanzu ke zuwa da ƙorafi. "Malam, ni an zalunce ni. Ɗiyata uku, ba ko guda a layi." Yaya shi ce, "Ba kai kac ce min ba ka da ko ɗaya ba?" "To, yanzu na tuna." Har daga rugar da ke bayan Dinawa, Arɗo yaz zo da ƙwaryar nono da yara biyu riƙe da rigatai, yac ce shi bai ga dalilin da za a shuka ɗiyan Haɓe a bar nashi ba. Aljihun dama na ta aiki.

Damuwa guda, in tsiro ya bushe. Uwar yaro na iya kwana kuka alhali ɗanta na nan shina cin tuwo. Rana ta goma da fara fushinai, da sassafe, bayan an fito masallaci, sai nij ji kacau-kacau a ƙofata. "Mai binne mutane, taso ka yi abin da ka iya." Munka ciro tsiro daga bayan madafar Yaya Kulu, inda ƙwallaye ke fitowa da kansu, munka maye gurbin wanda yam mutu kafin mata su fito. Shiryawarmu ke nan, bai ƙara tayar da maganar ba sai gaban baƙi.

Ranar da Jan Fensir yaz zo, bisa doki yaz zo, taɓo har gwiwa, rai a ɓace. Ko ruwa bai sha ba yac ce, "Malam Sambo, ina shaida?"

"Tana bayan makaranta, ranka shi daɗe."

Munka kewayo. Ba wanda anka aika wa, labari ne yab bazu cewa Bature ya zo duba itatuwa, kowa yaz zo tsaron nashi. Gindin kowane tsiro da mutum: kaka da goyo, uba riƙe da hannun yaro, wata ɗauke da tagwaye. Yaya yash shiga gaba. "Wanga layi su ne na bana. Wanga na baɗi. Wancan na bayan baɗi." Shina tafe shina kiran suna, ana amsawa, wanda bai iya magana ba a ɗaga shi sama. Jan Fensir yaz zaro fensir yaf fara ƙirga, jarirai na kuka, yaɓ ɓace, yas sake, yaɓ ɓace. Yad dawo ƙarshen layin farko, sai ga Lasau tsaye ƙiƙam gindin tsironai, hula a hannu.

Yay yi mai magana da Turanci, na dai gane tambaya ce ta mi kake yi nan. Lasau ya amsa da Hausa, da ladabi, "Ɗan aji ɗaya ne ni."

Mutumin da ba mu taɓa ganin haƙorinai ba, sai ga shi riƙe da ciki, fensir ya faɗi cikin taɓo. Da yas samu numfashi yan nuna layin ƙarshe, na masu jan ƙafa. "To, Malam Sambo, waɗannan fa? Ai sai nan da shekara bakwai."

Kafin Yaya shi buɗa baki anka riga shi. Gari duka, har da Arɗo, sunka amsa mai: "Ai gobe ne!"

Ba a rufe makaranta ba. Da kaka ma anka aiko muna da ƙarin bencina, akuyar Liman tar rasa ɗaki.

Binciken kuwa, Lasau ya yi damina biyu shina awo, yara na jan igiya. Layi na huɗu yaf fi kowane girma, nesa ba kusa ba. Ya zauna za shi rubuta wa manyanai cewa ya gano wata tsamiya ta musamman a ƙasar Wurno, sai Yaya yac ce abokin haɗin gwiwa ba shi barin ɗan'uwanai shi ji kunya. Yac ce, "Ranka shi daɗe, layi na huɗu jikan Hajjo na ciki. Tsohuwar nan awaki gare ta kamar mi, kuma ba ta da rowa, duk layin take bi da taki." Sannan yad dube ni. "Ummaru, faɗi naka." Nis sunkuyar da kai nic ce iri bakwai ɗin nan duk daga kunun Yaya Kulu sunka fito, itace guda ne, ga ta can bakin rijiya. Lasau yaz zuba min ido har na ce aikina ya ƙare. Can yaj juya takarda yaf fara rubutu kan amfanin kashin awaki. Yaya yac ce, "Ka ga abin da nike gaya maka. Ba don jami'a ba da ka ɓata."

Bayan shekaru na taɓa tsare shi. Nic ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, bayan na binne su, ka san wane ne wane?" Yac ce, "Ka taɓa ganin uban da nin nuna wa itace yac ce ba ta yi kama da ɗanai ba?" Yat tashi yab bar ni nan.

Da Allah yak karɓi abinai, bayan an share makoki, Yaya Kulu ta aika in zo. Tam miƙo min ƙullin nan na aljihun hagu. Tsumman ya yi baƙi don riƙo.

Tac ce, "Ka sha tambaya. Duk yaron da yar rasu bai kai bakwai ba, sai shi cire ƙwallonai daga tukunya shi sa nan. Bai taɓa yar da ko guda ba. Cewa shike, su ma an ɗauke su makaranta, ba a kore su ba, zuwa ne ba su samu yi ba. In shina aji, suna aji."

Nik kwance. Suna da yawa, jama'a, sun fi yadda nike zato. Akwai guda da yay yi sumul shina ƙyalli don shafa. Yaya Kulu taɗ ɗauke shi ta aza a tafinta. "Wagga Nana ce, tamu. Da ita yaf fara, shekarar kyanda. Wagga kam ko ni na san ta da fuska."

Shekara da shekaru muna jin kacau-kacau muna dariya, ashe rabin ƙarar su ce. Tam mai da shi cikin sauran, taƙ ƙulle, tas sa min a hannu. "Kai ka iya shuka, Ummaru. Je ka."

Layi na takwas ke nan, wancan na jikin katanga, wanda kuke tambaya ko na wace shekara ne. Sun tsufa a aljihu, uku kaɗai sunka fito, kuma ban san ko su wa ne ba. Makarantar har yau ba ta zama jami'a ba, amma jikokinku na can jami'o'i, kuma kun san abin da za shi ce in an yi mai maganar lokaci.

Allah ka jiƙan Yaya Sambo, ka yafe mai, ka sanyaya makwancinai kamar yadda yab bar muna inuwar ga. Ka jiƙan Yaya Kulu. Ka haɗa su da Nana da sauran 'yan ajin da yaɗ ɗauka a aljihu, shi kira suna su amsa mai. Amin.